Dakta James Herrick, Likitan Zuciya Da Aka Ƙi Saurara

A yau idan aka kawo mutum asibiti a gaggauce yana dafe da ƙirji, gumi na keto masa, abu biyu ake fara yi masa tun kafin a gama rubuta sunansa a kati. Za a manna masa wayoyi a ƙirji don a ga zanen bugawar zuciyarsa a takarda, sa'an nan a ɗebi jininsa a kai ɗakin gwaji. Jinin nan shi zai faɗa ko wani sashe na naman zuciya ya fara mutuwa. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce babu likitan da zai ɓata lokacinsa neman irin wannan shaida, domin a karatun wancan zamani duk wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe faɗuwa zai yi nan take, sai dai masu binciken gawa su ba da labari. Mutumin da ya fi kowa wahala wajen rushe wannan karatu shi ne Dakta James Bryan Herrick na birnin Shikago ta ƙasar Amurka.

An haife shi ranar 11 ga watan Agusta, 1861, a Oak Park, wani ƙaramin gari a gefen Shikago cikin Jihar Illinois, watau 'yan watanni bayan ɓarkewar yaƙin basasar Amurka. Dangin mahaifiyarsa suna cikin waɗanda suka fara zama a wurin. Ya gama digirinsa na farko a Jami'ar Michigan a shekarar 1882, kuma ba likitanci ya karanta ba. Malanta ya fara yi, ya koyar a makarantun Peoria da Oak Park, sa'an nan ya shiga Kwalejin Likitanci ta Rush, inda ya fito likita a 1888. Ya yi aikin neman ƙwarewa a asibitin Cook County, babban asibitin gwamnati inda talakawan Shikago ke zuwa, ya yi aure a 1889, ya buɗe wurin duba marasa lafiya. Son adabi bai taɓa barinsa ba, har tsufansa yana karatun Chaucer, wani tsohon mawaƙin Ingila. Wannan ya taimake shi ƙwarai, domin rubutunsa na likitanci a fili yake, irin na malamin da ya saba yi wa yara bayani.

A 1895 ya wallafa littafi a kan hanyoyin gane cuta, a 1900 kuma ya zama farfesa a Kwalejin Rush, muƙamin da ya riƙe har 1927. Yana kuma duba marasa lafiya a asibitin Presbyterian. Sannu a hankali ya zama irin likitan da likitoci 'yan'uwansa ke aika wa kira idan cuta ta gagare su ganewa.

Kafin maganar zuciya akwai wani abu da ya haɗa sunansa da gidaje da yawa a ƙasar nan, ko da masu gidajen ba su sani ba. A ƙarshen shekarar 1904 aka kwantar da wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 20 a asibitin Presbyterian. Daga tsibirin Girenada ya zo Shikago karatun likitan haƙori. Yana fama da tari da zazzaɓi, ga ƙarancin jini, ga tabon gyambo a ƙafafu. Ƙaramin likitan da ke aiki ƙarƙashin Herrick, mai suna Ernest Irons, shi ya ɗiga jinin a gilashi ya duba a madubin likita. Maimakon jajayen ƙwayoyin jini su fito kewayayyu kamar yadda aka saba, sai ya ga da yawa sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje. Ya zana su ya kai wa maigidansa. Shekara biyu da rabi suna bibiyar saurayin duk lokacin da ciwon ya tayar masa, suna neman cututtukan ƙasashe masu zafi da suka sani, ba su ga wadda ta dace ba. A 1910 Herrick ya buga labarin a mujallar likitoci, ya kuma faɗa a fili cewa bai san abin da ke kawo wannan ba.

Cutar nan ita ce sikila, ko amosanin jini. Mutanen Afirka ta Yamma sun san ta tun kaka da kakanni, sun san ciwon gaɓoɓinta lokacin sanyi, sun san yadda take ɗauke yara a gida guda ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba a sani ba shi ne a cikin ƙwayar jini matsalar take. A yau Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da ita, kuma gwajin jinin da ake yi kafin aure daga wancan ɗigon jini na Shikago ya samo asali. Sai dai akwai tabo a labarin. Sunan Herrick kaɗai ya fito a kan takardar, ba a sa na Irons ba, alhali idonsa ne ya fara gani. Haka al'adar manyan likitoci take a lokacin, amma al'ada ba ta wanke rashin adalci. Irons dai bai durƙushe ba, domin a 1949 ya zama shugaban Ƙungiyar Likitocin Amurka.

Shi kansa Herrick bai mayar da hankali kan sikila ba bayan wannan. Hankalinsa ya riga ya koma ga zuciya.

Zuciya tsoka ce, kuma duk da jinin jiki gaba ɗaya ta cikinta yake bi, ba daga wannan jinin take ci ba. Tana da nata jijiyoyin guda biyu, ta hagu da ta dama, waɗanda suka kewaye ta kamar naɗin rawani suna rarraba rassa cikin namanta. Idan kitse ya taru a bangon ɗaya daga cikinsu, wata rana sai wurin ya tsage, jini ya daskare a kai, hanya ta toshe. Naman da ke gaban toshewar sai ya rasa iska da abinci, ya fara mutuwa cikin ƙasa da awa guda, ɓarnar kuma ta yi ta faɗaɗa awa bayan awa. Wannan shi ne abin da jama'a ke kira bugun zuciya.

Likitoci sun daɗe suna ganin irin wannan gudan jini a gawa. A 1881 wani mashahurin masani na Jamus, Julius Cohnheim, ya riƙa ɗaure wa karnuka babbar jijiyar zuciya, sai ya ga zuciyar tana tsayawa cikin 'yan mintoci. Daga nan magana ta zauna a littattafai cewa toshewar nan mutuwa ce ta nan take. To, waɗanda ta same su ba su mutu nan take ba fa? Sai a ba ciwonsu wani suna. A ce ɓacin ciki ne, ko tsakuwar matsarmama, ko gyambon ciki ne ya huje. Wasu har an kai su ɗakin tiyata an buɗe cikinsu ana neman abin da ba ya can.

A shekarar 1910 aka kira Herrick ya duba wani mai harkar banki ɗan shekara 55, wanda kowa ya san shi lafiya lau. Awa guda bayan ya ci abinci sai wani azababben ciwo ya kama shi a ƙasan ƙirji, ga tashin zuciya. Ya zaci abincin ne bai karɓe shi ba, har ya sa yatsa a maƙogwaro ya jawo amai. Ciwo bai lafa ba. Likitansa ya zo ya tarar jikinsa ya yi sanyi, bugun jijiyarsa ya yi rauni yana sauri, ya wanke masa ciki ya yi masa allurar kashe zafi. Lokacin da Herrick ya gan shi, bayan awa 12, yana cikin hankalinsa sarai, amma leɓɓansa sun canza launi, huhunsa ya fara tara ruwa, sautin zuciyarsa da ƙyar ake ji. Mutumin ya rayu awa 52 daga farawar ciwon. Da za a binciki gawar, Herrick ya gaya wa mai binciken, Dakta Ludvig Hektoen, ya nemi gudan jini a jijiyar zuciya. A nan kuwa aka same shi, cikin jijiyar hagu ta zuciya.

Kuskuren mai bankin nan har gobe ana yin sa. Sau nawa magidanci zai ji nauyi a ƙirji bayan tuwon dare, ya ce olsarsa ce ta tashi, ya jiƙa kanwa ya sha, ko ya aiki yaro kemis, ya kwanta ya ce da safe ya gani?

Awa 52 ɗin nan su suka tsaya wa Herrick a rai. Mutumin da ya kwana biyu yana magana da iyalinsa ai bai mutu nan take ba. Idan kuwa ana iya kwana biyu, me zai hana wani ya yi mako, wani ma ya tashi? Ya tattara abin da ya gani da abin da ya karanta, ya nuna cewa jijiyoyin zuciya suna da ƙananan hanyoyi da suka haɗa su da juna, ta yadda idan ɗaya ta toshe wata na iya ɗan kai ɗauki. Ya ce abin da zai faru ya danganta da girman jijiyar da ta toshe, da wurin da ta toshe, da saurin toshewar, da lafiyar sauran. Wani zai faɗi take, wani bayan mintoci, wani ciwon zai zo masa da sauƙi har ba a gane ba, wani kuma zai sha wuya kwanaki, ko ya mutu ko ya warke. Ya bayyana alamomin wannan kashi na ƙarshe dalla-dalla yadda likita zai gane su a bakin gado.

Ba shi ne na farko ba, kuma bai ce shi ne ba. Wani likita Bajamushe, Adam Hammer, ya taɓa gane cutar ga mai rai ya rubuta a 1878. Wasu likitoci biyu na birnin Kiev, Obraztsov da Strazhesko, sun yi kyakkyawan bayani a kanta a 1910, Herrick kuma ya ambace su. Abin da ya bambanta shi da su shi ne naci, da kuma dagewarsa cewa likita yana da abin yi wa irin wannan majiyyaci.

A 1912 ya karanta takardarsa gaban Ƙungiyar Manyan Likitocin Amurka, aka kuma buga ta a watan Disamba na shekarar. Yana cike da tsammanin za a yi ta muhawara. Da ya gama, mutum ɗaya tak ya miƙe ya yi magana, Dakta Emanuel Libman na birnin Niyok, wanda dama an san shi da tofa albarkacin bakinsa a kan kusan kowace takarda. Herrick ya kwatanta ranar daga baya da bam ɗin da aka jefa ya ƙi tashi. Abin ya yi masa ciwo, ya kuma ci gaba da yawo taro-taro yana maimaita magana ɗaya ana kallonsa.

Idan za a yi adalci, masu sauraron ba su rasa uzuri ba. Herrick ya zo musu da kunne da ido da hankali, amma ba shi da abin da zai ɗaga ya nuna cewa ga shaida daga jikin mai rai. Wanda ya mutu, gawarsa ta gaskata shi. Wanda ya warke kuwa, kowa na iya cewa dama ɓacin ciki ne. Duk tarihin gwajin zuciya da ya biyo baya neman wannan shaidar ne.

Shaidar farko daga ƙasar Holan ta zo. Wani masani, Willem Einthoven, ya ƙera na'ura a farkon ƙarni na 20 mai ɗaukar ƙaramar wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa ta zana ta, watau abin da ma'aikatan asibiti ke kira i-si-ji. Ta farkon ta kai kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, majiyyaci kuma yana zaune hannuwansa da ƙafarsa cikin bokitan ruwan gishiri. Herrick ya sa wani matashin abokin aikinsa, Fred Smith, ya riƙa ɗaure jijiyoyin zuciyar karnuka yana ɗaukar zanen bugawarsu. Karnuka da yawa suka rayu, zanen kuma ya canza ta hanyar da ake iya ganewa. Herrick ya samu irin wannan canji a zanen wani majiyyacinsa, wanda binciken gawarsa ya tabbatar da toshewar bayan ya rasu. A 1918 ya koma gaban ƙungiyar nan da ta yi masa shiru, wannan karon da hotuna a hannu. Gani ya kori ji. Aka buga takardar a 1919, a 1920 kuma Harold Pardee na Niyok ya bayyana alamar da ke fitowa a zanen tun ciwon yana sabo, wadda har yau ita likita ke fara nema.

Duk da haka tsohon karatu bai saki mutane da wuri ba. A 1923 shugaban ƙasar Amurka, Warren Harding, ya kamu da ciwo a ƙirji da saman ciki yana cikin rangadi. Likitansa ya ɗora laifin a kan kaguwar da ya ci. Bayan 'yan kwanaki ya rasu a San Francisco, aka sanar cewa shanyewar jiki ce. Yawancin likitocin da suka duba labarin daga baya sun tafi a kan zuciya ce.

Maganin da Herrick ya ba da shawara a 1912 shi ne cikakken hutu a gado na wasu kwanaki. Waɗanda suka zo bayansa suka ja kwanakin har suka zama mako shida, majiyyaci na kwance ba motsi, ana ba shi abinci a baki. Doguwar kwanciyar nan ta kashe mutane ba kaɗan ba, domin jini kan daskare a ƙafa ya tafi huhu. Sai a 1952 Samuel Levine da Bernard Lown na birnin Boston suka nuna cewa zaunar da majiyyaci a kujera ya fi masa alheri. Herrick yana raye a lokacin, ya haura shekara 90.

Girmamawa ta zo masa a ƙarshe. Ya shugabanci Ƙungiyar Kula da Zuciya ta Amurka a 1927, Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ba shi babbar lambarta a 1939. Ya rubuta taƙaitaccen tarihin ilmin zuciya a 1942 da tarihin rayuwarsa a 1949. Ya rasu a Shikago ranar 7 ga watan Maris, 1954, yana da shekara 92.

Abin mamaki, mutumin da sunansa ya shiga tarihi ta ɗigon jini bai taɓa samun gwajin jini na kirki ga cutar da ya fi damuwa da ita ba. A zamaninsa iyakar abin da jini ke nunawa shi ne fararen ƙwayoyi sun ƙaru, wanda kowane irin kumburi kan kawo. Ita kuma i-si-ji ba kullum take nunawa ba, mutum na iya kasancewa cikin ciwon sosai zanensa na farko ya fito ba wata alama bayyananniya. A cikin shekarar da aka binne shi, likitoci biyu na Niyok, John LaDue da Felix Wroblewski, tare da wani ɗalibin likitanci, Arthur Karmen, suka buga abin da ya rasa. Hikimar mai sauƙi ce. Idan ƙwayar tsoka ta mutu bangonta kan yage, abin da ke cikinta ya zube cikin jini. Sun auna wani sinadari da ake taƙaita sunansa AST, suka ga yana hauhawa bayan toshewar, ya kai ƙololuwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sa'an nan ya sauka.

Matsalar AST ita ce hanta ma tana da shi, saboda haka mai ciwon hanta zai iya ruɗa likita. Daga 1960 aka koma wa wani sinadarin, CK, shi kuma duk tsokar jiki na da shi, allura a ɗuwawu ko faɗuwa daga kan babur ta isa ta ɗaga shi. Bayan 1970 aka ware nau'insa da ya fi yawa a zuciya. A 1979 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ƙa'ida cewa a duba abu uku, ciwon ƙirji da zanen zuciya da gwajin jini, biyu daga ciki sun isa hujja.

Har a waɗannan shekaru akwai masana da ke cewa Herrick ya juya labarin, wai naman zuciya ne ke fara mutuwa, gudan jinin daga baya yake samuwa. A 1980 Marcus DeWood da abokan aikinsa a garin Spokane suka ɗauki hoton jijiyoyin masu ciwon tun yana ɗanye. Cikin waɗanda aka duba a awa huɗu na farko, kashi 87 cikin ɗari jijiyar a toshe take ɗam. Shekara 68 ke nan bayan taron da aka yi masa shiru. A 1986 wani babban gwaji a ƙasar Italiya, na mutum fiye da 11,000, ya nuna cewa allurar narkar da gudan jini tana rage mutuwa, kuma wanda aka yi wa cikin awa ta farko ya fi kowa amfana. Daga nan gwajin da zai ba da amsa gobe ya rage daraja, ana son wanda zai ba da ita yanzu.

Wanda ake amfani da shi a yau sunansa tiroponin. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Setsuro Ebashi, shi ya gano shi a 1965 yana binciken yadda tsoka ke motsi, ba tare da tunanin asibiti ba. Daga baya aka lura cewa na zuciya ya bambanta da na sauran tsokoki, Hugo Katus na birnin Heidelberg a Jamus yana cikin waɗanda suka mayar da wannan gwaji a ƙarshen shekarun 1980. A shekarar 2000 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka sa shi a gaban sauran. Sababbin na'urori masu tsananin ganowa suna kama shi ko ɗan ƙanƙani ne, har a 2015 likitocin Turai suka amince a ɗebi jini da isowar majiyyaci, a sake ɗiba bayan awa ɗaya, a gwada biyun. Yana kuma daɗewa a jini har kwana goma ko fiye, don haka wanda ya yi jinkirin zuwa ma ana iya ganewa.

Shi ma ba alƙali ba ne shi kaɗai. Ciwon ƙoda ko cutar da ta shiga jini na iya ɗaga shi, shi ya sa likita ke duba hawansa da saukarsa tare da labarin da majiyyaci ya bayar, irin tambayoyin da Herrick ke yi a bakin gado: ina ciwon yake, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, akwai gumi, akwai tashin zuciya. Masu ciwon sukari da mata da tsofaffi sukan zo ba ciwo sosai, sai haki da kasala. Wanda zanen zuciyarsa ya nuna alamar Pardee ba a jiran sakamakon jini, magani ake farawa. Wanda kuma ya zo da wuri, gwajinsa na farko na iya fitowa lafiya lau don sinadarin bai kai ga taruwa ba. Wannan ne dalilin da likita zai ce a zauna a sake ɗibar jini bayan awa ɗaya ko uku, ko da ciwon ya lafa kuma 'yan rakiya sun fara neman mota.